Awon Ƙafar Suweiba

Litinin, 1 ga Yuli, bayan sallar La'asar

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, tare da salati ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda baƙo ke yi a ƙofar gida kansa a sunkuye, zuwa gare ka ya kai littafi mai shuɗin bango. Na san kai ba nawa ba ne. Na matata ne, Maman Hamdia, a cikinka take rubuta darasin makarantar matan aure ta masallacin unguwarmu, ga shi ta tsaya a shafi na goma sha tara, a tsakiyar babin taimama. Ka gafarce ni da na kutso ba da izinin mai kai ba, ka kuma yi haƙuri da hannun baduku wanda ya fi sabawa da basilla a kan alƙalami. Na duba gidan nan lungu da saƙo, ban sami wanda zan yi wa magana ba sai kai.

Ni ne Abdulsalami ɗan Nafi'u, jikan mutumin da ya zo nan unguwar Nima daga ƙasar Sakkwato da jakar kayan dukanci a kafaɗa. Shekarata hamsin da uku. Ina ɗinka takalma da jakunkuna a rumfata da ke kusa da babbar kwata, in kuma hannu ya huta ina tsara baitoci.

Yau kwanan Maman Hamdia tara a unguwar Kanda, gidan 'yarmu Hamdia. In maƙwabta sun tambaya nakan ce jinya ta je. Ban yi ƙarya ba.

Ga abin da likita ya ce, zan rubuta shi sau ɗaya. Tana da ciwon suga. A babban yatsan ƙafarta ta hagu akwai miki wanda ya ƙi rufewa. Fatar ƙafarta ba ta jure sinadarin da ake jeme fata da shi a masana'anta, shi ne ya yi ta cin ta shekara da shekaru har ya buɗe wa mikin ƙofa. Dole ta sami rufaffen takalmi mai taushi, wanda babu fatar dabba ko ƙanƙani a jikinsa, don ta riƙa tattaki kowace safiya jini ya gudana. Ya ba mu zuwa Alhamis ta ƙarshen wata. In ba a ga sauyi ba, za su yi magana a kan yatsan. Ya faɗi kalmar. Ni ba zan rubuta ta ba.

Talata, 2 ga Yuli, da hantsi

Hamdia ta zo ɗaukar wa uwarta zannuwa. Ta gaishe ni a tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na ce, "Ya jikin nata?"

Ta ce, "Da sauƙi, Baba. Jiya na ce zan je in saya mata takalmin, ta hana. Ta ce wanda ya saba yi mata takalmi shi zai kawo. In bai kawo ba, za ta zauna haka."

"Ta ce in zo?"

"Ba ta ce ba."

Tun shekarar aurenmu, duk Babbar Sallah, fatar ragon layyarmu ba ta fita daga gidan nan. Tunda bai halatta a sayar da ita ba, sai na mai da ita abin da na iya: in jeme ta da bagaruwa kamar yadda kakana ya koya wa ubana, in yanka, in ɗinka mata takalmi. Shekara ashirin da huɗu, takalmi ashirin da huɗu. Takan ce tana taka albarkar layya tun daga wannan Sallah har zuwa wata. Duk matan Nima da Maamobi sun san wannan, don ba ta gajiya da faɗa musu.

To yau an ce baduku ɗan baduku ya fita neman takalmin da ba fata a jikinsa.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan Azahar

Na soma da Kawukudi, wurin masu baza takalma a bakin hanya. Na tarar da wata masifa da ban yi zatonta ba. Duk wanda na ce wa ina son takalmi marar fata, sai ya ɗauka gwada shi nake yi. Wani ya miƙo mini takalmin da ko daga nesa na san roba ce, ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, fata ne zalla, daga Itali, na rantse!" Na ce masa ai robar nake nema. Ya ce, "Ei, Malam, kada ka zage ni, ni ba na sayar da roba." Shekaru sun yi suna rantsuwa ta fuska ɗaya, harshensu ba ya juyawa ta ɗaya fuskar.

A hanyar dawowa na tsaya wurin Sahada mai wake da shinkafa. Labari ya riga ni isa. Ta tsamo ganda daga tukunya, wadda nan suke kira wele, ta ɗaga ta sama ta ce, "Malam Baduku, an ce ka yi faɗa da fata. In sa maka wannan, ko ita ma kun ɓata?" Mutanen benci suka fashe da dariya. Na yi dariyar tare da su. Na ci abincin ba gandar, ban san dalili ba.

Juma'a, 5 ga Yuli, bayan Asuba

An kwana ana ruwa. Bokitin da take tarawa ƙarƙashin inda rufi ke yoyo, ban san inda take ajiye shi ba.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan Magariba

Kasuwar Makola tun safe. Na ratsa layin masu atamfa, na faɗa Kantamanto inda ake kwance dilolin kayan Turai. A nan Allah ya haɗa ni da Issah, wani mai rumfar takalman gudu, haifaffen Maamobi, mutum mai furfura a gemu da baki kamar rediyo. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba.

Ya ce, "Matanka yana da suga? Mamana ma haka. Zauna, Malam. Abin da kake nema, obroni, Turawa ke nan, suna da suna gare shi, bigan. Akwai mutane can, ba su cin nama, ba su shan nono, ko takalmi ba su yarda dabba ya mutu a kansa. Saboda su ake yi. Amma kada ka ji bakin kowa a kasuwan nan, har ni. Ka karanta harshen takalmi."

Ya ɗaga harshen wani takalmi ya nuna mini 'yar takarda a manne. Layi uku ne: na saman takalmi, na cikinsa, na tafinsa. Gaban kowane layi akwai 'yar alama. In ka ga zane kamar saƙar tabarma, yadi ne. In ka ga mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa, roba ce ko danginta. In kuwa ka ga alama ta uku, ka ajiye.

Alama ta ukun ba sai an fassara mini ba. Fata ce a shanye, da wuya da ƙafafu huɗu, daidai yadda nake baza ta a tsakar gida ranar Sallah. Duk rayuwata ita nake nema. Yau na wuni ina ɗaga harsunan takalma ina addu'ar kada in gan ta.

Mun sami ɗaya fari, sabo, ba a taɓa sa shi ba. Tabarma, tabarma, kusurwa huɗu. Na zaro kwalin awon ƙafarta daga aljihu, na ɗora a tafin, ya zauna cif. Issah ya ce, "Wannan kwali ya tsufa paa." Na ce masa ya girmi 'yata.

Lahadi, 7 ga Yuli, da hantsi

Na naɗe takalmin, na sa waɗannan baitoci a ciki, na kai wa Hamdia a bakin ƙofarsu. Ban shiga ba.

Ƙafar da ta zo mini ranar murna da lallen ƙawa,
Ta taka daɓena, gida ya cika da walwala da yalwa,
Ga farin takalmi ya zo gare ki yana gaisuwa,
Ki sa shi ki taka, Allah ya sauko da waraka da afuwa.

Ina ganin baiti na uku ya fito da kyau.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Takalmin ya dawo.

Hamdia ta ajiye ledar a kan teburin aikina. Na ce, "Akwai fata ne? Na duba sau uku."

Ta ce, "Babu fata. Bai shige ta ba. Baba, yaushe rabonka da ka auna ƙafar Mma?"

Na nuna mata kwalin. Ta juya shi, ta karanta kwanan watan da na rubuta a bayansa da hannuna, sati biyu kafin ɗaurin aure. Ta ajiye shi a kan teburin a hankali, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ta karanta baitocin?"

"Ta karanta. Ta ce in gaya maka, takalmin ya matse, waƙar kuma ta yi faɗi. Ta ce ka san abin da take jira, kuma ba ya bukatar amsa-amo."

Talata, 9 ga Yuli, bayan Asuba

Na san abin da take jira.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan Azahar

Yau ban buɗe rumfa ba. Na sauko da akwatinta na ƙarfe, na jera takalman a tabarma bisa shekarunsu. Ba ta yar da ko ɗaya ba. Goma sha takwas na farko sun sha wuya, duga-dugansu sun cinye, wasu na yi musu faci sau biyu. Shida na ƙarshe kuwa, a cikin kowanne na tarar da tsumma. Ta yayyanka tsohon ɗankwali ta shimfiɗa a ciki, ta inda ba zan gani ba. A na bara, tsumman ya yi tabo.

Ashe tana jin zafin. Ashe tun tuni. Ta ci gaba da sawa zuwa kasuwa, zuwa suna da biki, tana nuna wa mata.

Goma sha takwas, sannan shida. Ni kaɗai na san abin da ya raba su. Na mayar da su akwati yadda na same su.

Asabar, 13 ga Yuli, da hantsi

Hamdia ta kawo sabon awo a kan kwalin sabulu. Ita ta zana, uwarta ta taka. Na ɗora tsohon kwalin a kan sabon, sai ga sabon ya leƙo ta kowane gefe da faɗin yatsa guda. Wannan faɗin yatsan haihuwa huɗu ne, da ɗaukar ruwa daga famfon layi, da tsayuwa gaban murhu, da shekaru. Duk ya faru a gabana ina yanka fata bisa ƙafar yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya.

A kan babban yatsan hagu an yi ɗan da'ira da jan biro. Hamdia ta ce uwarta ce ta karɓi biron ta yi da kanta, ta ce, "Nan kada komai ya taɓa."

Rubutunta na farko ke nan zuwa gare ni cikin kwana ashirin da ɗaya.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan Magariba

Kantamanto kuma. Mai faɗin da nake so akwai, amma duk da alamar fata a layin ciki. Wanda ba fata kuma siriri ne kamar an yi shi don ƙafar zabo. Issah ya ce in dawo Laraba da sassafe, za a kwance sabuwar dila.

Ya ce, "Malam, kai mai ɗinki ne. Me ya hana ka ɗinka da yadi?"

Na ce masa tafin da likita ke so, mai laushi mai ɗaukar nauyi, inji ne ke zuba shi, hannu ba ya iyawa. Wannan gaskiya ne. Akwai wata gaskiyar kuma: ban tabbata za ta sake sa ƙafarta a abin da na ce mata ni na yi ba.

Talata, 16 ga Yuli, bayan Asuba

Kwana huɗu ke nan ina fita bayan sallah in taka har Kanda. Ina gaya wa kaina hanya nake duba mata, inda kwalta ta fashe, inda ruwa ke kwanciya, inda motocin haya na trotro ke matse mai tafiya. Minti ashirin da biyu ne zuwa ƙofar Hamdia. Nakan tsaya gindin bishiyar darbejiya da ke tsallake, in juyo.

Yau labulen tagar sama ya motsa. Wataƙila iska ce.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan Azahar

An kwance dila, mutane suka rufa mata kamar kaji a kan tsaba. Issah ya kutsa da kafaɗa yana ta surfa musu Turanci da yaren Tuwi, ya fito hularsa a karkace, riƙe da takalmi ruwan toka. Ya ce, "Chale, duba wannan!"

Gabansa faffaɗa ne, samansa saƙa ce mai shan iska, tafinsa kamar burodin da ya fito daga tanda. Tabarma, tabarma, kusurwa huɗu. Na ɗora kwalin sabulu, ya zauna har da ɗan sarari. Amma na daina yarda da takarda kaɗai. Na rufe ido na zura hannu ciki, na bi shi da ɗan yatsa kamar yadda ubana ke bin fata yana neman inda wuƙar mahauci ta karce. Abu biyu na samu. A bayan dunduniya akwai 'yar madaukin da ake jan takalmi da ita, ba ta kai rabin yatsa ba, na shinshina, fata ce, takardar ba ta ambace ta ba. Sannan a ciki, a ƙafar hagu, akwai wani ɗinki mai tudu. Na duba kwalin. Daidai kan jan da'irar.

Issah ya ce, "To mu ajiye?"

Na ce, "A'a. Wannan aikina ne."

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan La'asar

Saura mako guda.

Na zauna zan fara, sai na ga hannuna ya riga ya miƙa ya ɗauko guntun fatar akuya mai laushi don in rufe ɗinkin. Har na auna. Sai da na ɗauki almakashi sannan na farga. Na tashi na fita waje na tsaya. Shekara arba'in hannun nan abu ɗaya ya sani.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Ban yi aikin a rumfa ba, ko'ina ƙurar fata ce. Na yi shi a ɗakinta, a kan sabuwar tabarma, bayan na wanke hannu da sabulu sau uku. Ban taɓa basillata ba. Na ari allurarta da zaren audugarta daga gwangwanin da take ajiye maɓallai. Na warware madaukin na cire daga ƙafa biyun. Na kwance ɗinkin mai tudu, na kwantar da shi, na rufe da ƙyallen auduga ninki uku. Ƙyallen daga farar rigar da na sa ranar ɗaurin aurenmu na yanko shi. Ta sha wanki har ta fi komai laushi a gidan nan, kuma ta daɗe da yi mini kaɗan.

Na shafa wurin da leɓena, don ya fi yatsa ji. Ban ji tudu ba.

Wasu baitoci sun zo mini ina ɗinkin, masu kyau ƙwarai. Na bar su suka wuce.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan Azahar

Hamdia ta kira. Ta ce mikin ya soma tsukewa daga gefe, amma mai wankin ciwon ta ce sugan ba ya sauka don ba ta motsi, daga gado sai kujera. Ta ce, "Baba, Mma tana da taurin kai, kai ma kana da shi, ƙafar kuma ba ta san wannan ba."

Na ce gobe.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan Asuba

Ya kai littafi, na gode da masauki. Yau zan mayar da kai ga mai kai, a cikin ledar takalmin. Abin da ya rage ba da kai nake ba.

Suweiba.

Shekara shida da suka wuce na daina jima. Bagaruwa ta yi wuyar samu, mai gidan haya ya yi ƙorafin wari, bayana kuma ya soma ciwo. Waɗannan dalilai ne, ba uzuri ba. Fatar ragon layyarmu nakan ba masallaci a ɓoye, in je kasuwa in sayo jemammiyar fatar masana'anta mai kama da ita, in ɗinka miki, in miƙo miki in ce ga fatar ragonmu. Sau shida na faɗa miki haka da bakina. Na ji kunyar in ce miki ɗan Nafi'u ya kasa abin da ubansa ke yi.

Ranar da likita ya tambayi irin fatar da kike sawa, kika ɗaga kai kika ce mijinki da bagaruwa yake jima, ba ya taɓa sinadari. Ya nuna miki takardar gwaji ya ce ba zai yiwu ba. Kika juyo kika dube ni don in ƙaryata shi. Na dubi ƙasa. Na bar ki ke kaɗai a gaban baƙo da maganata a bakinki.

Na ga tsummokaran da kika sa a cikin takalman. Kin ɓoye zafi don kada ki kunyata aikina, ni kuwa na ɓoye abin da ke ƙona ki don kada in kunyata kaina. Da na faɗa tun shekarar farko, da kin cire su, da yau ba a maganar yatsanki. Ni na jawo. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba tukuna, ki dai sa takalmin.

Ba ni na yi shi ba. A Kantamanto na saye shi wurin wani mai suna Issah. Samansa yadi ne, cikinsa yadi, tafinsa roba. Akwai 'yar fata a dunduniya, na cire. Farin ƙyallen da ke ciki na rigata ne. Iyakar abin da ke jikinsa ke nan, ban rage komai ba.

Na auna hanya. Daga ƙofar Hamdia zuwa masallacin da ke kan kwana da dawowa minti talatin ne a tafiyar hankali, gefen dama ya fi kyau, babu ramuka. Gobe bayan Asuba zan kasance gindin darbejiyar. In kin yarda in taka tare da ke, ko a bayanki ne, ko ba magana, ki rubuta mini. In ya matse ko ya goge ki a wani wuri, shi ma ki rubuta, kada ki sa tsumma.

Ina roƙon amsa yau, kafin Magariba, da hannunki, ko da kalma ɗaya ce, Hamdia ta kawo. Alhamis ta matso. Na bar miki shafi na gaba fari, na kuma sa miki jan biro a cikin ƙafar dama.

Mijinki,
Abdulsalami